Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Ramin Fosfat

Watannin baya kawuna, tsohon malamin makaranta da bai daɗe da karɓar kuɗin sallamarsa ba, ya aiko a kira ni. Bayan mun gaisa sai ya jawo wata leda daga gefen dardumarsa, ya zazzage ta a gabana. Wasu 'yan duwatsu ne masu ruwan toka, wasu kamar gurjiya, wasu sun kai ƙwan zabo.

Ya ce, "Ɗana, ka san wannan?"

Na ce, "Ya yi kama da dutsen fosfat, Kawu, wanda ake yin takin zamani da shi."

Ya ce, "To shi ne. Wai wani kamfani ya samu lasisin haƙarsa, yana neman masu zuba jari. An ce wanda ya shiga yanzu, nan da shekara biyu kuɗinsa ya ninka sau biyar. Kai da kake karance-karance, me ka gani?"

Na roƙe shi ya ba ni mako guda kafin ya sa hannu a kowace takarda. Abin da na gaya masa bayan makon shi ne nake son in shimfiɗa a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai aka kai wa irin wannan ledar ba.

Bari in fara da gaskiyar da ke cikin zancen, don ita ce ke sa mutum ya saki jiki. Duk manomin da ya taɓa sayen buhun kamfa ya ga lambobi uku a jikinsa, 15-15-15 ko 20-10-10. Lambar tsakiya ta fosfat ce. Takin da muke kira supa kuwa, wanda masu gyaɗa da wake suka san darajarsa, fosfat ne tsagwaronsa. Shi ke ƙarfafa saiwa, shi ke sa fure ya kama, ƙwaya ta cika. Yuriya ana yin ta daga iskar gas, kamar yadda masana'antun Dangote da Indorama ke yi a kudancin Nijeriya, amma fosfat babu injin da ke ƙirƙirarsa, sai dai a haƙo shi daga ƙasa. Ƙasar nomanmu kuma, daga Zariya har Damagaram, tana cikin ƙasashen da suka fi yunwar wannan sinadari. A taron taki na Afirka da aka yi a Abuja a 2006, an bayyana cewa manomin nahiyar nan na zuba kusan kilo 8 ne kawai na sinadarin taki a kowace hekta, aka kuma ɗauki alkawarin kai shi kilo 50. Buƙata dai akwai ta, kuma ba za ta ƙare ba muddin ana cin tuwo.

Dutsen ma akwai shi a wajenmu. A jihar Sakkwato, a yankin Dange da Shuni da wasu wurare, ana samun curarrakin fosfat a cikin laka mai sheme-sheme. Wannan shimfiɗar ƙasa ta ƙetara iyaka har jihar Tawa a Nijar, inda aka taɓa tsintarsa da hannu ana niƙawa a shekarun 1970 da 1980. Don haka wanda ya kawo wa Kawu duwatsun bai yi ƙarya ba da ya ce akwai fosfat. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin dutse a ƙasa da kuɗi a aljihu. Tazara ce mai tsawon gaske, kuma ita ce ba a gaya wa mai zuba jari.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane shi ne mene ne ƙaramin kamfanin ma'adinai. Idan ka sayi hannun jari a kamfanin siminti ko na sukari, ka shiga kasuwancin da ke sayar da kaya kullum, yana samun riba ko faɗuwa da za a iya lissafawa. Ƙaramin kamfanin da ke cewa yana "bunƙasa" wurin ma'adini ba ya sayar da komai. Ba shi da ciniki ko na kwabo. Kullum kashewa yake yi: kuɗin lasisi, kuɗin haƙa ramukan gwaji, kuɗin ɗakin awo, albashin injiniyoyi da na shugabanni, hayar ofis. Duk wannan daga ina? Daga aljihun masu hannun jari. Kuɗinka shi ne man da motar ke sha, kuma tafiyar daga gano ma'adini zuwa fitar da tirelar farko kan ci shekara goma zuwa ashirin, in ma an isa. Mafi yawan irin waɗannan kamfanoni, waɗanda suka cika kasuwannin hannun jari na Toronto da Sidni da Landan, ba sa taɓa kaiwa ga buɗe mahaƙa.

Daga nan ne wata illa ke fitowa wadda mutane da yawa ba sa lura da ita sai ta cim musu. A ce kamfani yana da hannun jari miliyan 100, kai ka sayi miliyan 1, wato kana da kashi ɗaya cikin ɗari. Bayan shekara kuɗi suka ƙare, aiki bai kai ko'ina ba. Banki ba zai ba da bashi ga wanda ba ya ciniki ba, don haka sai kamfanin ya buga sababbin hannayen jari miliyan 100 ya sayar wa wasu. Rabonka ya koma rabin kashi ɗaya. Baɗi a sake, baɗin baɗaɗa a sake. Kwanon tuwon bai ƙaru ba, ana dai ta kiran baƙi su zo su sa hannu. Idan kuma darajar hannun jarin ta faɗi, sai an buga masu yawan gaske kafin a tara kuɗin da ake so. Haka mutum zai wayi gari kamfanin ya yi nasara a ƙarshe, amma shi da ya shiga da wuri abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Wannan ba zamba ba ce, haka tsarin yake tafiya ko a hannun mutanen kirki.

To balle a zo kan shi fosfat ɗin, wanda halinsa ya sha bamban da na zinariya. Mutanenmu sun saba jin labarin zinariyar Zamfara da ta Jado da Cibarkaten a Nijar, inda mutum zai sa arzikin shekara a aljihun riga ya hau babur. Fosfat kaya ne mai nauyi mai araha. A farashin 'yan shekarun nan, tan guda na dutsen, wato buhu ashirin masu kilo hamsin-hamsin, bai wuce kuɗin giram biyu ko uku na zinariya ba. Saboda haka ribar fosfat a kan hanya take mutuwa ko ta rayu. Dubi waɗanda suka yi suna a harkar. Togo tana haƙa a Hahotoe, jirgin ƙasa ya kwashi dutsen tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba zuwa Kpeme a bakin teku, a wanke shi a zuba a jirgin ruwa. Maroko ta shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 187 daga Khouribga zuwa Jorf Lasfar, wanda ya fara aiki a 2014, ana dama dutsen da ruwa ana tura shi ta ciki, don kawai a rage kuɗin dako. Yanzu ka auna da Sakkwato, wadda ke da nisan kusan kilomita 1,000 daga tashar jirgin ruwan Legas, layin dogo kuma bai je can ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya. Tawa ta fi haka nisa daga tashar jirgin ruwan Kwatano. Tirela na ɗaukar wajen tan 30. Duk wanda ya san abin da direba ke karɓa daga Sakkwato zuwa Legas, da kuɗin gas, da na shingayen hanya, ya zauna ya raba wannan kuɗin gida 30, ya ga nawa ya hau kan kowane tan. Wanda ya ce maka zai fitar da ɗanyen dutse daga nan zuwa kasuwar duniya, wannan lissafin za ka fara ɗora masa a gaba.

Kasuwar duniyar ma tana da masu ita. Ƙididdigar hukumar binciken ƙasa ta Amurka na nuna cewa Maroko kaɗai na riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na fosfat ɗin da aka tabbatar a duniya, tan biliyan 50, kuma kamfanin gwamnatinta, OCP, shi ne uban tafiya. Sin ce ta fi kowa haƙa, kuma duk lokacin da ta taƙaita fitar da taki waje sai farashi ya motsa. Ƙaramin kamfani ba ya yanka farashi, karɓar abin da ya tarar yake yi. Farashin kuwa ba shi da alƙawari. A 2006 tan guda bai kai dala 50 ba. A 2008 ya yi tsalle ya haura dala 400. Kafin 2009 ta ƙare ya dawo ƙasa da dala 100. Bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 ya sake haura dala 300, daga baya ya zubo da wajen rabi. Duk lokacin da ya hau, sababbin kamfanoni kan fito kamar cin-naka bayan ruwan farko, kowanne da takardar lissafin riba da aka gina a kan farashin ranar. Mahaƙar da za a gina nan da shekara takwas kuwa ba da farashin yau za ta yi ciniki ba. Idan aka nuna maka lissafin riba, ka tambaya a kan dala nawa aka ɗora shi, kuma me zai rage idan farashin ya faɗi da rabi.

Za a iya ce mini, ai ba waje za a kai ba, nan gida za a sayar, kuma nisan da ke hana mu fitarwa shi ke tsadatar da wanda ake shigowa da shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ni ma ita ce ta fi kwanta mini a rai. Amma a duba wa zai saya. Tun bayan yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a Disambar 2016, lokacin da Sarki Muhammad na Shida ya zo Abuja, masana'antun haɗa taki sun yawaita a Arewa. Sai dai aikinsu gauraya ne: su kawo fosfat da aka riga aka sarrafa ya zama ƙwayoyi, su haɗa da yuriya da fotash da farar ƙasa, su ɗura a buhu. Ba sa sayen ɗanyen dutse, don ba su da abin da za su yi da shi. Kafin dutse ya zama supa sai an niƙa shi an jiƙa shi da ruwan asid na farar wuta, irin dangin ruwan batir, wanda shi kansa masana'anta ce mai zaman kanta, farar wutar kuma shigo da ita ake yi. Kamfanin supa na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a Kaduna a 1976, da dutsen Togo ya dogara, alhali Sakkwato na nan kusa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tambayi dalili.

Akwai hanya ta uku, wato a niƙa dutsen ya zama gari a watsa a gona kai tsaye. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa dutsen Tawa yana narkewa a ƙasa fiye da na yankin gandun dajin W, kuma yana ƙara wa gero amfani. Amma garin yana aiki ne sannu a hankali, ya fi dacewa da ƙasa mai tsami, iska kuma na kwashe shi lokacin watsawa. Manomin da ya ci bashi ya sayi taki yana son ya ga gonarsa ta yi duhu a daminar nan, ba ta baɗi ba. Ana iya gina sana'a a kan wannan, sana'a mai amfani ƙwarai, amma ƙarama ce mai tafiyar hawainiya. Ba ita ce mai ninka kuɗi sau biyar a shekara biyu ba.

Sai maganar shi kansa dutsen. Duwatsun da ke ledar Kawu zaɓaɓɓu ne, an tsince su ɗaya-ɗaya. Idan aka kai su ɗakin awo za su iya nuna fosfat mai yawa, kashi 30 cikin ɗari ko fiye, wanda shi ne abin da masu saye ke nema. Amma tambayar ita ce, ƙasa tan nawa za a kwashe kafin a tara tan guda na irinsu? Shimfiɗar kaurinta nawa, zurfinta nawa, ta miƙe ne ko tana yankewa? Curarrakin da ke warwatse a cikin laka sun dace da mai tsinta da hannu, amma suna iya gagarar mai katafila ya fitar da kuɗin mansa. Ban da yawa, akwai tsabta. Idan ƙarfe da alminiyam suka yi yawa a dutsen, masana'antar asid ba ta son sa. Idan farar ƙasa ta yi yawa, sai ya sha asid fiye da kima. Akwai kuma wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, wanda Tarayyar Turai ta sa wa iyaka a takin da ke ɗauke da hatiminta tun daga Yulin 2022. Wanke dutsen kuma yana cin ruwa mai yawa, a yankin da mutane da dabbobi ke layi a bakin rijiya.

Ba a sanin amsar waɗannan tambayoyi da ido. Ana haƙa ramuka ne masu yawa da na'ura irin ta burtsatse, a jere bisa awo, a ciro ƙasar kowane zurfi a kai ɗakin gwaji mai zaman kansa. Daga nan masanin ƙasa mai rajista ya rubuta rahoto ya sa hannu da sunansa. A irin wannan rahoto ma'adini hawa-hawa ne. Akwai wanda aka yi hasashensa daga ramuka 'yan kaɗan masu nisa da juna, akwai wanda alamunsa suka yi ƙarfi, akwai wanda aka auna sosai. Dukkansu ukun suna nufin abu yana ƙasa ne kawai. Sai an yi cikakken nazarin kuɗin gini da na aiki da na dako, aka ga za a haƙa a ci riba, sannan ake kiran wani kaso daga ciki tabbataccen ajiya. Manyan lambobin da ake rubutawa a takardun talla, tan miliyan kaza, galibi daga hawa na farko suke, na hasashe. Rahotannin da Turanci ake rubuta su, don haka ka nemi wanda ya karanci fannin ya nuna maka a wane hawa lambar take.

Waɗannan ƙa'idoji ba haka kawai aka kafa su ba, jiki ne ya gaya wa mutane. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu. Ya yi shelar gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang ta ƙasar Indunusiya, darajarsa a kasuwa ta haura dalar Kanada biliyan 6, ashe barbaɗa garin zinariya ake yi a cikin samfurin kafin a kai awo. Asusun fansho na malaman makaranta na cikin waɗanda suka tafka asara. Bayan haka Kanada ta kafa dokar bayar da rahoto da ake kira NI 43-101, Ostireliya kuma tana da tata mai suna JORC. Kamfanin da ke da gaskiya zai miƙa maka rahoto irin wannan ba tare da ka roƙa ba. Wanda ya ce sirrin kamfani ne, ya riga ya ba ka amsa.

Ko da rahoton ya yi kyau, tafiya ba ta ƙare ba, kuma misalan suna nan a nahiyarmu. Fosfat ɗin Farim a Gini Bisau mai kyau ne, an san da shi tun shekarun 1950, an yi masa bincike mai zurfi a shekarun 1980. Ya yi ta sauya hannu daga wannan kamfani zuwa wancan, a 2018 kamfanin Itafos ya karɓe shi, a 2023 aka sake fitar da sabon rahoton nazari, har lokacin ba a fara haƙa ba. A Senegal, kamfanin Avenira na Ostireliya ya kai ga buɗe mahaƙar Baobab a 2016, har ya yi lodin jirgi, amma injin tacewar bai ba da abin da aka zata ba, kuɗi suka yanke, a 2019 ya sayar da aikin. A Afirka ta Kudu, kamfanin Kropz ya gina masana'antarsa a Elandsfontein a 2017, sai ƙarar da masu kare muhalli suka shigar kan lasisin ruwa da matsalar hanyar tace dutsen suka tsayar da shi, bai fara sayar da kaya ba sai bayan wajen shekara biyar. A Mali, aikin kwarin Tilemsi da wani ƙaramin kamfanin Kanada, Great Quest, ke yi a yankin Gao ya ci karo da yaƙin da ya ɓarke a arewacin ƙasar a 2012. Can nesa kuma a Niyu Zilan, hukumar kare muhalli ta hana kamfanin Chatham Rock Phosphate izinin kwasar fosfat daga ƙarƙashin teku a Fabrairun 2015, darajar hannun jarinsa ta zube warwas a yini guda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dutsensa ƙarya ne. Ruwa ne, ko inji, ko kotu, ko bindiga, ko rashin kuɗi suka tare hanya.

Gwamnati ma ƙofa ce da za ta iya rufewa. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta bambanta lasisi iri-iri. Lasisin bincike na shekara 3 ne, ana iya sabunta shi, kuma izinin nema ne kawai, ba na haƙa a sayar ba. Lasisin haƙa na gaske daban yake, yana kaiwa shekara 25, kuma kafin a fara aiki sai an yi nazarin illa ga muhalli, an kuma ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin. Sau da yawa abin da ake nuna wa mutane a ce "ga lasisinmu" na binciken ne. Shi ma yana iya mutuwa: a Nuwambar 2023 ministan ma'adinai Dele Alake ya soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara, a Afrilun 2024 ya ƙara soke 924 da aka bari ba a aiki da su. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 har ƙarshen 2024 saboda tsaro. A Nijar, gwamnati ta karɓe lasisin yuraniyam na Madawela daga hannun kamfanin GoviEx a Yulin 2024. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko bai goya ba, mai hannun jari ya san cewa dukiyarsa rataye take a jikin takardar da ba shi ke da iko da ita ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan game da kamfanin gaskiya ne mai niyyar aiki. Akwai kuma wanda ba ramin da zai haƙa sai aljihunka. Alamarsa ɗaya ce da ba ta ɓuya: alkawarin riba tsayayya, kaza a wata, ko ninki kaza a shekara. Ka tsaya ka yi tunani. Kamfanin da bai sayar da ko buhu ɗaya ba, da me zai biya ka riba duk wata? Da kuɗin wanda ya shigo bayanka. Mun ga haka a MMM da ta daskare a Disambar 2016, mun sake gani a CBEX a Afrilun 2025, kuma sauya wa abin riga zuwa ma'adinai ba ya sauya halinsa. A fiƙihu ma, wanda ya ba da jari a yi kasuwanci da shi yana tarayya ne a riba da faɗuwa, rabonsa kaso ne na ribar da aka samu. Da zarar an lamunce masa uwar kuɗi da wani adadi tsayayye, malamai sun ce cinikin ya ɓaci. Sayen hannun jari a aikin halal ba laifi ba ne, amma sayen abin da ba ka san yawansa ba, ba ka san ko akwai shi ba, shi ne cinikin biri a sama. Takardar rajista ta hukumar CAC kuma ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce, shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Mai tallata hannun jari ga jama'a sai ya bi ta hukumar SEC, kuma sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirin damfara irin na karɓi-nan-ba-can. A 'yan shekarun nan an ƙara wa tallan wani gishiri, wai fosfat ake yin batirin motocin lantarki da shi. Gaskiya ne akwai irin batirin da ke amfani da shi, amma asid ɗin fosfat tatacce ƙwarai yake buƙata, wanda tsakaninsa da dutsen cikin leda akwai masana'antu na ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Akwai wata tambaya da na yi wa Kawu wadda ta sa ya yi shiru. Na ce, "Kawu, in Allah ya kawo lalura, rashin lafiya ko auren ɗaya daga cikin yaran nan, wa za ka sayar wa takardar?" Sa in ka gaji da shi ka kai kara ranar kasuwa. Fili ka kira dillali. Hatsi ka buɗe rumbu. Hannun jarin kamfanin da ba ya cikin kasuwar hannun jari kuwa, babu mai saye sai wanda su masu kamfanin suka kawo, a farashin da suka ga dama.

Kada a fahimce ni cewa ina hana a taɓa harkar. Raina na sosuwa in ga tireloli na hawowa da taki daga bakin teku, suna wuce ƙasar da dutsen takin ke kwance a cikinta, manomi kuma na sayen mudu-mudu don buhu ya fi ƙarfinsa. Ina fatan ganin ranar da za a tashi masana'antar supa a Sakkwato ko Tawa da dutsen wurin. Amma masu ɗaukar nauyin farkon irin wannan aiki su ne gwamnati, da bankunan raya ƙasa, da manyan kamfanonin taki, da attajiran da in kuɗin suka narke ba za su rasa abin cefane ba. Su suna da injiniyoyi da lauyoyin da za su tona kowace takarda, suna kuma iya jiran shekara goma sha biyar. Mai matsakaicin hali da ya ga yana so ya shiga duk da haka, ya sa abin da in ya ɓata gaba ɗaya ba zai hana shi barci ba, ya kuma ƙudurta a ransa cewa ɓatan ya fi dawowar kusa. Kuɗin sallama, da gadon marayu, da kuɗin kujerar Makka, da jarin shago, da kuɗin da aka sayar da gona, ba su da wurin zama a nan.

Abin da na shawarci Kawu ya nema ba shi da yawa. Lambar lasisin, don a duba a ofishin rajistar ma'adinai na tarayya da ke Abuja a ga irinsa, da sunan wanda ke kai, da ranar ƙarewarsa. Rahoton ramukan gwaji mai sa hannun masanin da ke da rajista da hukumar COMEG, tare da sunan ɗakin awon. Lissafin kuɗin kamfanin da akanta na waje ya tantance, a ga nawa ya tafi ƙasa, nawa ya tafi albashi da motoci. Takardar yarjejeniya da wanda zai sayi dutsen. Sai kuma sunayen shugabannin, da mahaƙar da suka taɓa ginawa a baya, da adadin kuɗinsu na kansu da suka zuba. Ya aika musu da saƙon. Wanda ya kawo masa duwatsun ya ce zai tambayo manya, ya kuma ƙara da cewa gurbi ya kusa cika, a hanzarta. Yau wata na uku ke nan takarda ko ɗaya ba ta iso ba, kuɗin Kawu kuma na nan inda suke.

'Yan'uwa ma'aikata masu shirin ajiye aiki, da iyayenmu mata da aka raba wa gado, da 'yan kasuwar da suka ɗan tara abin hannu, ku ake fara nema da irin wannan tayi, kuma galibi ta hannun wanda kuke jin nauyinsa ake biyowa, ɗan'uwa ko abokin sahu a masallaci, wanda shi ma wataƙila bai san cikin abin ba. Don Allah kada ku sa hannu ko ku tura kuɗi a ranar da aka kawo muku zancen. Ku karɓi lambar lasisin da rahoton, ku kai wa wani malamin sashen ilimin ƙasa a jami'ar da ke kusa da ku, Sakkwato ko Zariya ko Kano ko Yamai, ya karanta muku kafin ku ba da amsa.